Kitsen hanta bayan tiyatar rage ƙiba: wane gwaji ya cancanci kuɗinka?

Kafin ka biya kuɗin kowane gwaji, ka fara sanin me kake nema. Abubuwa biyu ne ake bibiya a hantar wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba: kitsen da ya taru a cikinta, da tabon da kumburin shekaru ya bari. Kitse yakan narke da wuri, cikin watannin farko. Tabo kuwa a hankali yake ja da baya, kuma shi ne ke nuna ko mutum na cikin haɗarin ƙandarewar hanta. Wani bincike da aka yi a birnin Lille na Faransa, aka wallafa a 2020, ya nuna cewa shekara 5 bayan tiyata kumburin ya warke a kashi 84 cikin ɗari na waɗanda aka sake duba tsokar hantarsu, tabo ya ragu a kusan kashi 70. Labari mai daɗi, amma ka lura akwai waɗanda nasu bai ragu ba.

Sikanin ciki da aka saba yi (ultrasound) shi ne mafi sauƙin samu, ba allura, ba zafi. Likita yana kwatanta hasken hanta da na ƙodar dama a kan allo. Idan hantar ta fi haske sosai, kitse ne. Matsalarsa ita ce sai kitsen ya kai kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari yake ganinsa da kyau, alhali daga kashi 5 ake kiran hanta mai kitse. Saboda haka takardar da aka rubuta "hanta lafiya lau" bayan shekara guda ba ta nufin komai ya wuce, kuma ba ya auna tabo sai abin ya yi nisa. Duk da haka ba zan ce a yi watsi da shi ba. Saurin ramewa yana haifar da tsakuwa a matsarmama, kuma wannan sikanin ne ke kama ta. Idan ciwo ya tokare ka a ƙasan haƙarƙarin dama bayan cin abinci, shi za a fara yi.

A ganina FibroScan, na'urar auna hanta ta kamfanin Echosens na Faransa, shi ya fi dacewa da yawancin mutane. Ana ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari, ka ji ɗan bugu kamar an ƙwanƙwasa maka da yatsa, cikin mintuna kaɗan an gama. Lambobi biyu yake bayarwa: CAP don kitse, kPa don taurin hanta. A lambar tauri, ƙasa da 8 yawanci yana nuna babu tabo mai tsanani; sama da 12 kuwa sai an ga likitan hanta. Amma sai ka yi tambayoyi kafin ka biya. Suna da kan na'ura samfurin XL na masu ƙiba? Idan babu, sakamakon na iya fita da kuskure ko ya ƙi fita sam. Sun ce ka yi awa 3 ba ka ci komai ba? Abinci yana ɗaga lambar. An yi awo 10 masu kyau? Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: bayan ka rame za a iya komawa amfani da kan na'ura samfurin M na marasa ƙiba, don haka kar ka ɗauki duk bambancin lambar farko da ta biyu a matsayin warkewa. Saukar kumburi ma kaɗai tana sauke lambar tauri alhali tabon yana nan.

Wasu sababbin injinan sikanin ma suna auna tauri, sai dai lambobinsu ba sa daidaita kai tsaye da na FibroScan. Inda ka fara, can ka ci gaba.

MRI ya fi duka daidaito wajen faɗin adadin kitse, kuma ƙiba ba ta cika ruɗa shi ba, matuƙar mutum zai iya shiga injin. Tsadarsa ta sa ya fi dacewa da lokacin da sauran gwaje-gwaje suka saɓa wa juna. Ɗebo tsokar hanta da allura shi ne alƙali na ƙarshe, amma yana da haɗarin zubar jini, ba abin maimaitawa duk shekara ba ne.

Mafi araha kuwa gwajin jini ne, FIB-4, da ake lissafawa daga shekarunka, sinadaran hanta AST da ALT, da ƙwayoyin daskarar da jini. Ƙasa da 1.3 haɗarin kaɗan ne, sama da 2.67 yana da yawa. Tunda dama ana ɗibar jininka a kowace ziyara don duba bitamin da sinadarin ƙarfe, roƙi likita ya lissafa maka shi. Idan kuma ba a riga an yi maka tiyatar ba, nemi a yi FIB-4 da FibroScan tun yanzu, ka ajiye takardun, domin da su za a gwada na bayan shekara guda.