Daɓen katako na laminet: lafiya lau a hunturu, tozo a damina

Ranar da aka gama shimfiɗa shi babu abin kushewa. Mai kaurin milimita 8 ne, ajin AC4 a ma'aunin jure gogewa, irin wanda ake saƙalawa baki da baki, ba gam ba ƙusa. Babu sanyin tayil a tafin ƙafa da asuba, ƙurar hunturu kuwa tsumma mai ɗan laima ya ishe ta. Har watan Yuni ina ba mutane shawarar su saya.

Agusta ce ta tona asiri. Tsakiyar falo ya yi tozo, kana takawa yana lotsawa yana ƙara. Da aka cire katakon gindin bango sai ga dalili: mai aikin ya tura allunan har sun manne da bango. Ƙa'ida ita ce a bar tazarar milimita 8 zuwa 10 ta kowane gefe, har da jikin ƙofa da ginshiƙi, domin cikin allon garin katako ne da aka matse, in ya sha danshin iska sai ya buɗe. A Janairu aka yi aikin, lokacin da iskar Kano ta bushe ƙayau, allo ya tsuke iya tsukewa. Damina na sauka ya nemi wurin miƙewa ya rasa, sai ya yi sama. Abin da ya fi ƙona mini rai, hoton wannan tazara yana nan ɓaro-ɓaro a takardar da ke cikin kwali.

Gyaran bai da wuya. An zare layin ƙarshe, an rage masa santimita 1 da zarto, an mayar, an kafa katakon gindin a jikin bango ba a kan daɓen ba, tozon ya kwanta da kansa. A nan na ce laifin mai aiki ne, kaya ba su da laifi.

To amma bakin banɗaki fa, inda gefen allunan ya kumbura? Da aka ɗaga wurin, soso mai milimita 2 kaɗai aka gani a ƙarƙashin allunan, babu ledar tare danshi, alhali a kan siminti dole a fara shimfiɗa leda mai kauri, bakin wata ya hau kan wata da santimita 20, a liƙe. Wannan ma sakacinsa ne. Sai dai ruwan alwala da ke ɗiga daga ƙafa ta sama yake shiga mahaɗa, kuma gefen allon da ya kumbura ya kumbura ke nan, sai canji. Wannan halin kayan ne, mai shago kuwa ya rantse mini ba sa jin ruwa.

A ɗakin kwana zan sake sa shi, in dai an bar kwalayen sun kwana biyu a ɗakin kafin a buɗe, an kuma sayi ƙarin kashi 10 cikin 100 saboda yanka da canji. Hanyar banɗaki da kicin kam, tayil ko SPC, wato daɓen da aka haɗa da roba da garin dutse.