Ƙwayar minaral ko ta amino: wacce za ki ɗauka idan kuɗin na guda ɗaya ne?

Wata 'yar uwa daga Talata Mafara ta ce wata huɗu ke nan da haihuwarta, tana fama da kasala da jiri. Mai kemis ya ajiye mata kwalba biyu, ɗaya ta minaral, ɗaya ta amino asid, kuɗinta kuma na guda ɗaya ne. Wacce za ta ɗauka?

Hajiya, sannu da jego. Aikin kwalaben nan biyu ba ɗaya ba ne. Minaral, wato irin su ayon (sinadarin da jiki ke haɗa jini da shi) da zink da kalsiyam da aidin, jiki ba ya ƙera su, kaɗan yake buƙata, amma idan ɗaya ya yi ƙasa sai an gani a jika. Amino asid kuwa tubalan furotin ne, wato sinadarin gina jiki. Guda 20 ne, 9 daga ciki dole sai daga abinci, kuma jiki da yawa yake son su.

A nan lissafin yake. Mace mai nauyin kilo 60 tana buƙatar furotin kimanin giram 48 a yini, mai shayarwa ma fiye da haka. Kafso ɗaya, komai girmansa, da ƙyar ya ɗauki giram ɗaya. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6. To kafso nawa za ki haɗiya kafin ki kamo ƙwai biyu? Gero da dawa da shinkafa suna da ƙarancin wani amino mai suna laisin, wake kuma yana da shi sosai. Shinkafa da wake, tuwo da miyar wake, fura da nono, ƙuli-ƙuli a kan kwaɗon zogale: kakanninmu sun gama wannan haɗin tun ba a san kwalba ba.

Ayon kuwa akasin haka ne. 'Yar jar ƙwayar nan da ake bayarwa wurin awo tana ɗauke da kimanin miligiram 60, abin da kwanon tuwo ba zai ba ki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 kullum tare da folik asid. Wadda ta zubar da jini wurin haihuwa, ga jiri, ga cikin fatar ido ya yi fari, ga bugun zuciya idan ta ɗauko bokitin ruwa, zargin farko ƙarancin jini ne. Kafson amino ba zai cike wannan gurbin ba.

Mu a Zamfara akwai ƙarin dalili. Ba mu manta gubar dalma ta 2010 ba, wadda ta samo asali daga haƙar zinare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu. Jikin da ba shi da isasshen ayon da kalsiyam ya fi tsotsar dalma daga hanji. Ƙwayar ba maganin gubar ba ce, amma iyalan da ke kusa da wuraren haƙar zinare su riƙe wannan.

Sai dai minaral ya fi amino haɗari idan aka yi ganganci. Ayon yana taruwa a jiki, kuma yaron da ya tsinci kwalbar ya zuba a baki kamar alewa zai iya rasa ransa, don haka a ɗora ta can sama. Mai sikila kada ta sha sai likita ya ce. Amino ma mai ciwon ƙoda ya yi nesa da shi sai da izini.

Ni da ni ce, kuɗin nan gwajin jini zan fara yi da su, a duba har da zazzaɓin cizon sauro. In jini ya yi ƙasa, ki karɓi ayon mai lambar NAFDAC, ba shi da tsada, canjin ki sayi ƙwai da hanta. Ki sha da lemun zaƙi ko tumatir, kada ki kora da shayi ko madara, suna hana shi shiga jiki. Idan an rubuta miki siprofloksasin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki raba lokacin shansa da na ayon. Bayan gida zai yi baƙi, kada ki tsorata, aikin ƙwayar ne.