Sa'a guda a kan katakon Lee Valley VeloPark

Filin tseren keke na Lee Valley VeloPark da ke Stratford a gabashin Landan an gina shi ne domin gasar Olamfik ta 2012, kuma bayan an tashi daga gasar aka buɗe shi ga jama'a. Daga cikin hidimomin da ake yi a wurin akwai darasin gwaji na sa'a guda ga wanda bai taɓa hawa irin wannan fili ba, ana kama wuri tun da wuri ta intanet, kuma keke da hular kwano a can ake bayar da su. Wannan darasi na shiga, kuma na fito da ra'ayin cewa duk mai sha'awar tarihin wannan wasa, kuɗinsa bai tafi a banza ba.

Abin da ke fara razana mutum shi ne kwanar filin. Zagaye ɗaya mita 250 ne, an shimfiɗa shi da katakon da aka kawo daga Saberiya, kuma a kwanonin biyu katakon ya miƙe har kimanin digiri 42. A talabijin gangara ce kawai, amma idan ka tsaya a ƙasanta ka ɗaga kai, bango kake gani. Keken kuma ba shi da birki, ba shi da giya, sannan muddin tayar baya tana juyawa to feda ma tana juyawa, ko ƙafa ta so ko ta ƙi. Mai horar da mu bai ɓata lokaci da dogon jawabi ba. Ya jera mu a jikin ƙarfen da ke gefen ciki, ya nuna mana shuɗin zirin da ke ƙasa, da baƙin layin da ake auna tsawon filin da shi, da jan layin da ke samansa, ya ce kada mu daina taka feda, kuma kada mu sauya layi ba tare da waiwaye ba. A zagaye na uku na manta da kashedin farko, na saki ƙafa irin yadda muka saba tun muna yara, nan take feda ta ɗaga ni daga kan sirdi kamar doki ya yi tutsu. Laifina ne, kuma ban sake ba.

Yadda aka tsara darasin ya burge ni, domin mataki-mataki aka hau da mu, daga shimfiɗaɗɗen wuri zuwa baƙin layi, daga nan zuwa sama, har mutum ya gane da jikinsa cewa gudu shi ne ke manne taya da katako, wanda ya rage gudu saboda tsoro kuwa shi ne ke kusa da zamewa.

Amfanin da ya fi zauna mini a rai shi ne yadda sa'ar ta ba alƙaluman tarihi nauyi. A kan wannan katako Bradley Wiggins ya yi tafiyar kilomita 54 da mita 526 cikin sa'a guda a watan Yuni na 2015, wato zagaye 218 ba hutu, alhali ni cinyoyina sun fara zugi tun kafin in cika goma a jere. Wanda ya fara kafa wannan bajinta ta tafiya mafi nisa cikin sa'a guda a hukumance shi ne Henri Desgrange a Paris a 1893, da kilomita 35 da mita 325, kuma a shekarar ce aka yi gasar duniya ta farko ta tseren keke a fili a Shikago ta Amurka. Eddy Merckx ya kai ta kilomita 49 da mita 431 a birnin Meziko a 1972, sannan Filippo Ganna ya kai kilomita 56 da mita 792 a 2022. Na daɗe da haddace waɗannan lambobi, amma sai da na hau na san abin da mita ɗari ke nufi ga wanda numfashinsa ya ƙare.

Wasan ya girmi hukumar da ke kula da shi, domin UCI, hukumar tseren keke ta duniya, a 1900 aka kafa ta, bayan an riga an yi tseren fili a Olamfik ta farko a Atina a 1896, kuma bayan Major Taylor, baƙar fata ɗan Amurka, ya zama zakaran duniya a Montreal a 1899. Mata kuwa sai a 1988 a Seoul aka ba su damar tseren fili a Olamfik. Shi kansa zauren Lee Valley mai ɗaukar mutum 6,000 ya ga Birtaniya ta kwashe zinare 7 cikin 10 a 2012, ciki har da wanda Chris Hoy ya ci a keirin, tseren da ya samo asali daga Japan, inda babur ke jan gaba kafin a saki mahaya. A irin wannan tsere ne 'yar Najeriya Ese Ukpeseraye ta fafata a Paris a 2024, da keken da tawagar Jamus ta ara mata.

Darasin ya dace da duk wanda ya iya keke sosai kuma yana da ɗan ƙarfin jiki, amma ba wurin koyon hawa daga tushe ba ne. Mai niyyar zuwa ya sa tufafin da ba sa lilo, domin faɗin ƙafar wando na iya shiga sarƙa, ya kuma riƙe gorar ruwa, saboda cikin zauren da ɗumi ko da sanyi ake yi a waje. Ni dai na riga na kama wuri a mataki na gaba, inda ake koyar da bin bayan wani keke da tazarar da ba ta wuce tsawon taya ba.