Yanka dogon bidiyo zuwa gajeru: abin dubawa kafin a zaɓi manhaja ko a biya kuɗi

Duk wanda yake ɗaukar karatun tafsiri a watan azumi, ko laccar makaranta, ko doguwar hira da likita ko ɗan kasuwa, ya san cewa mutane ƙalilan ne suke zama su kalli sa'a guda cur daga farko har ƙarshe. Abin da yake yawo a wayoyin jama'a shi ne guntun minti ɗaya ko biyu, wanda ake gani a TikTok da Facebook da Instagram, ko a tura shi cikin zaurukan WhatsApp, kuma sau da yawa ta wannan guntun ne mutum yake fara jin labarin cikakken karatun har ya je ya neme shi. Hanyoyin da ake bi a fitar da irin waɗannan guntaye huɗu ne: manhajar waya, manhajar kwamfuta, shafukan intanet masu yanka da kansu ta hanyar ƙirƙirarriyar basira, da kuma ɗaukar mutum ya yi aikin. Kowace tana da wurin da ta dace, sai dai ga wanda maganar cikin bidiyonsa Hausa ce, lissafin ya sha bamban da wanda ake gani a tallace-tallacen kamfanonin.

Aikin kansa kashi biyu ne, kuma na farkon, wato daidaita allo da tsawo, shi ne mai sauƙi. Dogon bidiyo yawanci a kwance ake ɗaukarsa, faɗinsa ɗigo 1920 tsayinsa 1080, alhali gajeren bidiyo a tsaye ake kallonsa, a ma'aunin 9:16. Idan aka yanko tsayayyen allo daga wancan kwantaccen hoto, faɗin da zai rage bai wuce ɗigo 608 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, shi ya sa fuskar mai magana take dusashewa bayan an yanka, kuma idan mutum biyu ne suke zaune a hirar dole ɗaya ya fita daga allo. Wanda ya ɗauka da ingancin 4K yana da sauran sarari, domin faɗin da zai rage masa ya haura ɗigo 1200. Game da tsawo kuwa, YouTube ya ɗaga iyakar Shorts daga daƙiƙa 60 zuwa minti 3 a watan Oktoba na 2024, Instagram ma ya kai Reels minti 3 a farkon 2025, saboda haka babu sauran dalilin matse magana mai muhimmanci har ta rasa kai da gindi.

Kashi na biyu shi ne sanin inda magana ta fara da inda ta ƙare, kuma a nan ne amanar aikin take. Malami yakan kawo ra'ayin waɗanda yake saɓa wa, ya shimfiɗa shi da hujjojinsa na tsawon minti biyu, sannan ya ce "amma abin da ya fi inganci shi ne", ya warware. Wanda ya yanka kafin wannan "amma" ya ɗora wa malamin maganar da ya zauna domin ya rushe ta. Haka likita zai ce wani magani yana sauke zazzaɓi, sai bayan jimla uku ya ƙara da cewa mai juna biyu kada ta sha shi. Rigingimu da yawa da ake yi a kafafen sada zumunta daga irin wannan yankan suke tasowa, kuma mai maganar ne yake kwana a ciki, sunansa ne a kan bidiyon. Saboda haka duk hanyar da za a zaɓa, tambayar farko da ya kamata a yi mata ita ce wane ne zai yanke shawarar inda za a datse, kuma shin yana jin Hausa.

Manhajojin waya su ne inda mafi yawan mutane suke farawa, kuma a ganina a nan ya kamata da yawansu su tsaya. CapCut, ta kamfanin ByteDance mai TikTok, ita ce ta fi shahara, tana da sauƙin koyo, tana juya kwantaccen hoto ya koma tsaye, tana ba da damar ɗora rubutu da daidaita sauti. Abin lura game da ita shi ne abubuwa da dama da aka saba samu kyauta sun koma ɓangaren biya, kuma takan bar mutum ya yi amfani da su har ya gama aiki, sai ya zo fitar da bidiyon ta nemi kuɗi, don haka a riƙa duba alamar Pro a kan kowane abu kafin a taɓa shi. InShot ba ta kai ta yawan kayan aiki ba, amma ta isa yanka da juya allo da rubutu, kuma ana iya cire tambarinta ta kallon talla. VN tana fitar da bidiyo babu tambari ko a kyauta, kuma layin tacewarta ya fi ba da damar datsewa daidai kan kalma. KineMaster kuwa tana manna tambarinta a kusurwar allo har sai an biya. Matsalar waya gaba ɗaya ita ce nauyin dogon fayil: bidiyon sa'a guda mai ingancin 1080 yakan kai gigabayit 4 zuwa 8, kuma ƙaramar Tecno ko Infinix ko itel mai RAM 3 ko 4 takan yi zafi, ta riƙa sarƙewa, wani lokaci manhajar ta rufe ana tsakiyar fitarwa. Maganin wannan shi ne a fara datse wurin da ake so da abin yanka na cikin wayar, a bar rarar daƙiƙu gaba da baya, sannan a shigar da ɗan guntun kaɗai cikin manhajar.

Akwai kuma manhajojin da aka fasa, waɗanda masu tura kaya a waya suke sakawa da alƙawarin cewa an buɗe komai kyauta. Ba na ba kowa shawarar su. Manhajar da ba ta fito daga Play Store ko App Store ba, babu mai tabbacin abin da aka cusa a cikinta, ga shi kuma wayar da ake saka ta ita ce mai ɗauke da manhajar banki da shafin da aka shekara ana ginawa.

Shafukan ƙirƙirarriyar basira, irin su OpusClip da Vizard, su ne suka fi jan hankali a talla, domin alƙawarinsu shi ne a ba su dogon bidiyo su dawo da guntaye goma ko ashirin, an juya allo, an bi fuskar mai magana, an rubuta maganarsa a ƙasa. OpusClip har maki yake ba kowane guntu na hasashen yadda zai yaɗu. Fahimtar yadda suke aiki ita ce za ta nuna inda suke da rauni. Da farko na'urar tana mayar da sauti rubutu, sannan a cikin wannan rubutun take neman jimlolin da take ganin za su kama mai kallo, ta yanka a kansu. Idan rubutun ya lalace, duk abin da aka gina a kansa ya lalace. Waɗannan na'urori da Turanci da wasu manyan harsunan Turai da Asiya aka fi horar da su. Whisper, wani tsarin mayar da sauti rubutu da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, ya saka Hausa cikin jerin harsunansa, amma bayanan Hausar da aka horar da shi a kai kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da na Turanci, kuma ingancinsa a Hausa ya yi ƙasa sosai. Ga shi kuma maganarmu ba ta tafiya a harshe ɗaya: malami zai karanto aya da Larabci, ya fassara da Hausa, ya jefa kalmar Turanci ko ta Faransanci idan a Maraɗi ko Damagaram yake, mai jan baƙi ya shigo, jama'a su yi kabbara. Na'urar da ba ta tantance waɗannan ba, ba za ta gane "amma" ɗin da ya juya ma'anar magana ba, kuma makin da take bayarwa yana auna jan hankali ne kawai, ba ruwansa da cikar ma'ana.

Ta fuskar kuɗi ma akwai abin lura. Irin waɗannan shafuka yawanci da yawan mintunan dogon bidiyon da aka ɗora suke caji, ko da guntu ɗaya ne ya yi amfani a cikinsa, saboda haka mai tafsirin sa'a biyu kullum tsawon wata zai cinye kason da aka ba shi tun azumi bai yi nisa ba. Da dala ake biya kowane wata, wanda ke nufin farashin yana bin canjin naira, kuma ba kowane katin banki ne yake wucewa a shafukan waje ba. Ɗora fayil mai gigabayit da yawa yana cin data, ga kuɗin data ya tashi tun da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, ko da yake wanda bidiyonsa ya riga ya hau YouTube zai iya ba shafukan adireshinsa kawai ya huta da wannan. Inda suke da amfani na gaskiya shi ne hirar da aka yi da Turanci tsantsa, sauti garau, da kuma bin fuskar mai magana idan yana motsi. Kafin a biya ko sisi, a gwada su a matakin kyauta da minti goma na bidiyon da aka fi sani, wanda aka san wuraren da ya kamata a yanka, sannan a karanta rubutun da suka fitar layi-layi. Wannan gwajin ya fi duk wani sharhi da za a karanta a kansu.

Ga wanda yake da kwamfuta mai ɗan ƙarfi kuma aikin ya zame masa na kullum, DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design ita ce zan fara ambata, domin ta kyautar ba ta saka tambari, kuma ɓangaren gyaran sautinta ya wuce na kowace manhajar waya. Babbar, wato Studio, sau ɗaya ake sayenta a kan dala 295, kuma a cikinta ne ake samun juya allo mai bin fuska da kansa. Tana buƙatar haƙurin koyo, kuma tsohuwar kwamfutar ofis ba za ta ɗauke ta ba. Premiere Pro ta Adobe tana da irin wannan juya allon, amma kuɗin wata-wata ne ba ya ƙarewa. Shotcut da Kdenlive kyauta ne kuma sun fi sauƙin nauyi. Akwai wata ƙarama mai suna LosslessCut da ta cancanci a san ta, domin tana datse guntu daga fayil mai nauyi cikin ɗan lokaci ba tare da ta sake sarrafa hoton ba, ingancinsa ba ya raguwa, daga nan sai a tura guntun waya a ƙarasa. Wanda kuma YouTube kaɗai yake nufi, a cikin manhajar YouTube akwai hanyar yanko Shorts daga bidiyon da mutum ya ɗora da kansa, kuma guntun yana ɗauke da mahaɗin da zai mayar da mai kallo ga cikakken bidiyon.

Wani abu da ba a cika dubawa ba sai an gama aiki shi ne haruffa. Salon rubutu da yawa na cikin waɗannan manhajoji ba su da ɓ da ɗ da ƙ, sai a ga akwati a gurbinsu, ko harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma. Kafin a zaɓi manhaja a rubuta "ƙarƙashin ɗakin ɓaure" a gani, a kuma gwada layi ɗaya na Larabci idan za a riƙa saka aya, domin wasu suna rarraba haruffan ko su juya su. Noto Sans da Andika da Charis suna da haruffanmu cikakku, saboda haka manhajar da take yarda a shigo da salon rubutu daga waje ta fi wadda ba ta yarda. Rubutun kuma a ɗaga shi sama kaɗan, a janye shi daga gefen dama, domin nan ne maɓallan TikTok da Reels suke rufewa.

Hanya ta huɗu, wato ɗaukar mutum, ita ce na fi ba ƙarfi ga majalisin karatu, da asibiti ko ƙungiyar da take wayar da kai, da duk wanda kuskure a maganarsa zai iya cutar da wani. Ba lallai ne ya zama ƙwararren mai tace fim ba, ɗalibin da yake zama a karatun kuma yake fahimtarsa zai koyi CapCut ko VN cikin 'yan makonni, alhali ƙwararren da bai san fannin ba zai daɗe bai gane inda mas'ala ta cika ba. Hanyar da ta fi sauƙaƙa masa ita ce ya riƙe takarda lokacin da ake ɗauka, yana rubuta mintin da kowace tambaya ta fara da inda amsarta ta ƙare, ta yadda ba sai ya sake sauraron sa'a biyu ba. A yarjejeniya da shi a fayyace cewa biyan na kowane guntu ne ko na wata, cewa asalin fayil da kalmar sirrin shafi suna hannun mai su, kuma babu guntun da zai fita sai mai maganar ko wakilinsa ya saurare shi. A kuma hana shi ɗora take mai zuzutawa wanda maganar ba ta ƙunsa ba, da saka kiɗa ko waƙar wani, wadda za ta iya sa a toshe sautin bidiyon saboda haƙƙin mallaka. A kowane guntu a rubuta sunan mai magana da ranar karatun da inda za a sami cikakkensa.

Idan kuɗin da ake da shi na abu ɗaya ne tak, sauti ya kamata ya ci shi kafin kowace manhaja. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba ya tsayawa kan muryar da ƙarar janareta da fanka da amsa-kuwwar masallaci suka cinye, kuma manhajojin rage hayaniya sukan bar murya tana ƙara kamar daga cikin tulu. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, ko waya da za a ja kai tsaye daga na'urar lasifika zuwa abin ɗauka, sau ɗaya ake sayensu kuma suna gyara kowane guntu da za a fitar nan gaba. Mai ƙaramar sana'a da yake fitar da guntu biyu ko uku a mako, wayarsa da VN ko InShot da irin wannan makirufo sun ishe shi. Wanda yake da karatu kullum ya haɗa LosslessCut ko DaVinci Resolve da ɗalibi mai riƙe takarda. Mai shirin hira da Turanci ne kaɗai zan ce ya gwada biyan wata ɗaya a shafin ƙirƙirarriyar basira, shi ma ya zaɓi biyan wata-wata maimakon na shekara, ya kuma kashe sabuntawar da take cire kuɗi da kanta har sai ya ƙirga guntaye nawa ya iya ɗorawa ba tare da ya sake yanka su da hannunsa ba.