Auduga ko soso a cikin ƙoƙon hedifon?

Ɗan'uwa, in kana tambayar abin da za ka shimfiɗa a cikin ƙoƙon hedifon, bayan sifika, don sautinsa ya gyaru, auduga za ka sa, ka rabu da soson nan.

Ina da wani rufaffen hedifon da na kusa jefarwa, don murya a cikinsa kamar mai magana daga ƙasan rijiya. Da na kwance shi sai na tarar da ƙoƙon wayam, roba zalla. Ka san sifika ba gaba kaɗai take tura sauti ba, har da baya. Wanda ya tafi bayan idan ya bugi roba mai tauri sai ya dawo ya daki fatar sifikar, komai ya cakuɗe. Na yagi auduga, na wargaza ta har ta yi sako-sako, na shimfiɗa. Iskar da ke ratsa zaren tana gogarsa, ƙarfin sautin ya mutu a nan. Wallahi a daren na fara jin numfashin mawaƙi tsakanin baiti da baiti. Har yau da shi nake aiki. Masu gyaran hedifon ɗin nan Fostex T50RP ma sun daɗe suna wannan dabara.

Amma kar ka cusa ta kamar matashin kai. Ni karon farko haka na yi, sifikar ta rasa wurin motsi, bes, wato sautin ƙasa mai kauri, ya ɓace. Ka sa daidai wa daida a dama da hagu, kuma kar ka toshe ɗan ramin shan iska. Sannan kar ka sa ran za ta rage bes mai yawa: tsawon zangon sautin bes mai kaɗawa sau 100 a daƙiƙa (100 Hz) ya kai mita 3.4, ɗan ƙullin auduga ba ya kama shi. Ƙarar tsakiya da ta sama take gyarawa.

Soso kuwa yana yi, ba laifi, in ka dace da mai buɗaɗɗun ƙofofi. Nawa dai marmashewa ya yi, garin ya shige cikin sifika.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Wani soson ƙunshin kaya zai yanko maka ya ce na sauti ne. Ka kara shi a baki ka hura, in iska ba ta wuce ba ka ajiye masa abinsa. 

In iyafis ne, kar ka cusa komai. Nasa matacin yana bakin bututu, shi za ka sauya idan dattin kunne ya toshe shi.