Gargaɗi ga masu shirin zuwa kamun lobsta a Fulorida: ku duba kafin ku tura kafin alƙalami

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan, kuma ba komai ya hana ni ba sai kunya. Mutumin da ya tashi yana jin labarin 'yan 419 tun yana firamare, a ce shi aka yi wa sakiyar da ba ruwa a Amurka, ai abin dariya ne. To amma makon jiya na sake cin karo a Facebook da tallar jirgin kamun lobsta da aka damfare mu da ita. Sun canza suna, sun canza lambar waya, hotunan kuwa su ne dai. Na ga mutane a ƙasa suna ta tambayar ko akwai sauran gurbi. Shi ya sa na ce gara a yi mini dariya da a ci kuɗin wani.

Ga wanda bai sani ba, lobsta wani ƙaton jatan lande ne na teku. Irin na Fulorida ba shi da manyan almakasan nan da ake gani a hoto, jikinsa ƙaya ne, da dogayen gashin baki biyu, naman kuma duk a wutsiya yake. Da rana yana ɓuya cikin ramukan duwatsu a ƙasan ruwa, sai mai nutso ya sauka da ɗan siririn sanda ya tsokano shi, ya tara masa raga ta baya, domin in ya firgita da baya yake gudu. Kowace shekara jihar tana ware kwana biyu, Laraba da Alhamis na ƙarshe a jere a watan Yuli, domin masu kamun nishaɗi su fara ɗiba kafin a buɗe wa 'yan kasuwa ranar 6 ga Agusta. Suna kiransa mini-sizin. Ƙarfe sha biyu da minti ɗaya na daren Talata wayewar Laraba ake buɗewa, jama'a su tuɗaɗo daga ko'ina. Ni dai da na ga bidiyon jiragen sun cika ruwa, Argungu ta faɗo mini a rai. A wannan turmutsitsin ne 'yan damfara ke cin kasuwarsu, domin masauki yana ƙarewa, jirage suna cika, kowa yana sauri kada a bar shi a baya.

Mu biyar ne daga Atlanta, duk masallaci ɗaya muke sallar Juma'a. Ƙaraminmu ne ya kawo maganar, shi ne mai bibiyar bidiyon masu nutso. Alhajin da ya girme mu duka ya fara da tambayar ko halal ne, aka ce masa a Malikiyya duk abin da ke cikin teku ya halatta, ya ce to bismillah. Ni aka ɗora wa neman jirgi, wai don na fi kowa wayo da intanet.

Tallar ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Farin jirgi, mutane suna murmushi riƙe da lobsta hannu bibbiyu, ruwa garau kamar gilashi. Dala 600 kowane mutum: jirgi na kwana biyu, 30 da 31 ga Yuli 2025, daga Key Largo, wani tsibiri a kudancin Fulorida, da kayan nutso, da ɗaki, da lasisi. An rubuta cewa kowa zai koma gida da lobsta 24 ko a mayar masa da kuɗinsa. Akwai nutson dare, wai lokacin ne lobsta ke fitowa kiwo. Wanda bai taɓa nutso da tulun iska ba za a koya masa a cikin awa ɗaya. Jirgi yana ɗaukar mutum goma.

Na kira, wani ya ɗauka da murya mai sanyi, yana ta kirana ɗan'uwa. Ya san sunayen wurare, ya san yadda ruwa yake a Yuli, har ya ba ni shawarar maganin jiri da za mu sha tun da dare. Sai ya ce gurbi shida ya rage, akwai wasu daga Texas da ke jira, in ba mu biya rabi a yau ba zai ba su. Ba ya karɓar katin kiredit, wai na'urarsa ta samu matsala, sai Zelle, hanyar tura kuɗi kai tsaye daga asusun banki zuwa wani. Muka haɗa dala 1,500 na tura. Bayan mako biyu ya dawo da maganar kuɗin inshora da ƙarin farashin mai, ɗari-ɗari. Nan Alhaji ya ɗan yi turus. Ya ce mini, "Malam, anya mutumin nan? Araha fa ba ta ado." Na ce, "Alhaji, kada ka damu, na yi magana da shi sau uku." Kamar dai magana a waya shaida ce. Muka ƙara 500.

Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne, ya ce mu turo hoton lasisin tuƙi da lambar soshiyal sikiyuriti, wato lambar shaida ta sirri da gwamnatin Amurka ke ba mutum, domin ya yankar mana lasisin kamun kifi. Uku daga cikinmu sun tura. Ni ma ina ciki.

Ranar Talata muka ɗauki hanya, tafiyar sama da awa goma, muka wuce Miami muka hau titin US 1 da ke ratsa tsibiran. Tun muna Homestead wayarsa ta daina shiga. Muka ce ai yana kan ruwa. A otal ɗin da ya ce ya kama mana ɗaki, matar da ke kanta ta duba kwamfuta sau biyu, ta juyo mana da allon mu gani da idonmu: ba sunanmu, ba sunan kamfaninsa, kuma ba ɗaki ko ɗaya a garin a daren. A mota muka kwana da tagogi a buɗe, sauro ya yi biki. Da asuba muka shimfiɗa kwali a filin ajiye motoci muka yi sallah, muka nufi tashar jiragen da ya kwatanta. Wani dattijo Bature yana wanke jirginsa da mesa. Na nuna masa hoton a waya. Bai ko kashe ruwan ba, ya leƙa, ya ce ya san jirgin, na wani ne a can Marathon, kuma mai shi bai san ana talla da hotonsa ba. Ya ƙara da cewa ba mu ne na farko da suka nuna masa wannan hoton a makon ba. Ƙaraminmu yana tsaye da sabon sandan tsokano lobsta da ya saya, ko takardar farashi bai cire ba. Alhaji bai ce uffan ba har muka koma mota, kuma wallahi da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Daga baya na zauna na karanta dokokin hukumar kula da kifi da namun daji ta Fulorida, FWC, abin da ya kamata in yi tun ranar farko. Minti goma ya ɗauke ni. Sai na ga ashe tallar da kanta tana ihu cewa ƙarya ce, mu ne ba mu da kunnen ji. Kusan duk alkawarin da ke cikinta karya doka ne.

Ɗauki maganar lobsta 24. Tsibiran Keys, har da Key Largo, suna cikin gundumar Monroe, kuma a can lobsta 6 kacal aka yarda mutum ya kama a rana. Haka ma a gandun Biscayne. A sauran jihar ne ake yarda da 12 a kwanakin mini-sizin. Wato ko ka cika rabonka kwana biyun nan a Key Largo, 12 ne iyakarka. Duk wanda ya yi maka alkawarin 24 a can, ko dai bai taɓa taka wurin ba, ko yana shirin haɗa ka da hukuma. Kuma ma wane ne yake da ikon ba da tabbacin abin da ke ƙarƙashin teku? Nutson daren da ya yi ta kwarzantawa shi ma haramun ne a Monroe a waɗannan kwana biyun. Ya ce zai kai mu gandun John Pennekamp mu yi kamu, alhali wurin a rufe yake ga masu kamun lobsta a mini-sizin. Ko sau ɗaya bai ambaci ma'auni ba, ga shi dole ne kowane mai nutso ya riƙe ma'auninsa, ya auna lobsta tun yana cikin ruwa, ƙoƙon bayansa ya wuce inci 3 kafin a saka shi a jaka. Macen da ke ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin wutsiya ba a taɓa ta. Ba a sokewa da mashi, ba a kuma cire wutsiya a kan ruwa, sai an fito da shi gaba ɗayansa. Kyaftin na gaske da waɗannan yake fara cika maka kunne, domin jami'an FWC suna tare jirage suna buɗe kula suna ƙirgawa, kuma laifin yana iya kai mutum ga tara har da ɗauri. Ga baƙon da takardunsa na zama ke kan hanya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Lasisin da ya ce zai yankar mana kuwa, abu ne da mutum ke yi da kansa a shafin hukumar, GoOutdoorsFlorida, ko a shagunan sayar da kayan kamun kifi. Lasisin kamun kifin ruwan gishiri ne, sai ƙarin izinin lobsta na dala 5. Babu dalilin da zai sa ka miƙa wa wani baƙo lambar soshiyal ɗinka a WhatsApp saboda abin dala biyar. Mu da muka miƙa, sai da muka bi Equifax da Experian da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, ɗaya bayan ɗaya muka kulle bayanan bashinmu, don kada a wayi gari an ci bashi da sunanmu. Kyauta ne kullewar, amma har yau in wasiƙa ta zo daga bankin da ban sani ba sai gabana ya faɗi.

Akwai abin da sai daga baya ya fi tayar mini da hankali. Da mutumin ya zo fa? Domin akwai wani nau'in da ba guduwa yake da kuɗi ba, yana da jirgi, sai dai ba shi da takarda. A Amurka duk mai ɗaukar fasinja don kuɗi sai yana da shaidar kyaftin daga dakarun tsaron gaɓar teku, kuma in fasinjojin sun wuce shida, jirgin kansa sai an duba shi an ba shi takardar shaida. Dakarun suna yawan tare irin waɗannan jirage a kewayen Miami su katse tafiyar. Namu ya ce mutum goma, ban tambaye shi takarda ko ɗaya ba. Sannan batun koyon nutso a awa ɗaya. Cikinmu biyar, biyu ne suka iya iyo sosai, Alhaji kuwa iyakarsa rafin garinsu tun yana yaro. Kwas ɗin nutso na gaske, irin na PADI ko NAUI ko SSI, kwanaki yake ɗauka, da karatu, da gwaji a kwamin wanka, da nutso a buɗaɗɗen ruwa tare da malami, kafin a ba ka kati. Shagon kirki ba zai cika maka tulu ba sai ya ga katin nan. Dalili kuwa, iskar da ka shaƙa a ƙasa faɗaɗa take yi yayin da kake tasowa, in ka firgita ka riƙe numfashi ka yo sama da gudu, huhu na iya fashewa ko a ruwan da bai yi zurfi sosai ba. Kusan kowace shekara sai an ji labarin rasa rai a mini-sizin, wani zuciya, wani farfelar jirgi, shi ya sa doka ta tilasta kafa jar tuta mai farin layi a karkace a duk inda ake nutso. Da na gaya wa uwargida wannan, cewa ta yi, "To ai sai ka gode wa Allah da ɓarawo ka haɗu da shi, ba mahaukaci ba."

Kuɗin dai ba su dawo ba. Mun kai rahoto ofishin sharif, wato shugaban 'yan sandan gundumar, mun cike takardar ƙorafi ta FTC, hukumar kare haƙƙin masu saye, da ta IC3, sashen FBI mai karɓar ƙarar damfarar intanet. Bankina ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce tunda da hannuna na tura, da wuya a iya janyowa. Zelle kamar miƙa tsabar kuɗi ne, an yi shi ne don wanda ka sani. Da katin kiredit na biya, da ina da hanyar ƙalubalantar cirar. Shi ya sa na'urarsa ta lalace.

In kana da niyyar zuwa, na 2026 zai faɗo 29 da 30 ga Yuli. Kafin ka tura ko sisi, ka nemi sunan jirgin da tashar da yake kwana, ka samo lambar ofishin tashar da kanka, ba wadda mai talla ya ba ka ba, ka kira ka tambaya ko sun san shi. Ka saka hotunan tallar a Google Lens, manhajar gano asalin hoto, ni da na yi bayan aikin gama ya gama, nan take ya kai ni shafin ainihin mai jirgin. Ka ce a nuna maka shaidar kyaftin, na gaske ba ya jin haushin wannan tambaya. Ka tambaye shi lobsta nawa doka ta yarda, ka ji amsar da zai ba ka. Ɗaki kuma ka kama da kanka, da wuri. In ba ka da katin nutso, ba dole sai da tulu ba, mutane da yawa da gilashin ido da bututun numfashi suke kamu a ruwa marar zurfi, muddin sun iya iyo. Ba dole ba ne ma sai mini-sizin, babban lokacin yana kaiwa har 31 ga Maris, ruwa ya huta.

Na kai ƙarar sabon shafin, na kuma rubuta a ƙarƙashin tallar cewa damfara ce. Ba a yi awa ɗaya ba aka goge rubutuna aka toshe ni. Jiya ƙaraminmu ya duba da wayarsa, tallar tana nan, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa gurbi shida ya rage.