Yini guda a Bur Sa'id: sharhina kan tafiyar da kamfanin yawon buɗe ido ya kai mu

Shekarata uku ina karatu a Azhar ban taɓa taka Bur Sa'id ba, birnin Masar da ke bakin mashigin Suwez ta arewa, sai a hutun da ya wuce. Mu tara muka haɗa kuɗi, 'yan Kano da Damagaram da wani ɗan'uwa daga Kumasi, muka biya wani ƙaramin kamfani a Alkahira. Abin da suka tallata mana shi ne mota zuwa da dawowa, ɗan jagora, gidan tarihin soja, bakin mashigin Suwez da abincin rana. 'Yan'uwa da dama sun tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya, amma ba don ƙoƙarin kamfanin ba.

An ce mu fito bayan sallar asuba, mota ba ta zo ba sai wajen ƙarfe takwas. Tafiyar kusan kilomita 200 ce, don haka rana ta riga ta ɗaga kafin mu ji iskar teku. Wannan lattin ya ci mu daga baya.

Wanda ya ceci tafiyar shi ne ɗan jagoran, wani dattijo haifaffen garin, muna ce masa Ustaz, shi kuma yana ce mana 'ya'yana. Tun a mota ya fara. An buɗe mashigin a 1869, talakawan Masar ne suka haƙa shi, da yawansu aikin tilas. A 1875 bashi ya sha kan Khidiwi Isma'il, mai mulkin Masar, ya sayar wa Birtaniya hannun jarin Masar a kamfanin mashigin a kan fam miliyan 4, a 1882 kuma sojan Ingila ya shigo ya zauna. Ruwa na ƙasarka, gumi na kakanninka, riba tana tafiya Landan da Faris. Ya ce wanda bai fahimci wannan ciwon ba, ba zai gane dalilin da ya sa Larabawa daga Bagadaza zuwa Maroko suka riƙa manna kunne a rediyon Sautul Arab don jin shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ba.

Labarin da ya fi daɗi a bakinsa shi ne na 26 ga Yuli, 1956. Mako guda kafin nan Amurka ta janye alkawarin kuɗin gina madatsar ruwa ta Aswan, Birtaniya ta bi sahu. Nasir ya tsaya a dandalin Manshiyya a Iskandariyya yana jawabi, yana ta maimaita sunan Dilisibs, Bafaranshen da ya jagoranci haƙa mashigin. Ashe sunan alama ce. Injiniya Mahmud Yunus da mutanensa suna sauraron rediyo, suna jin sunan suka shiga ofisoshin kamfanin mashigin suka karɓe. Kafin a gama jawabi mashigi ya koma hannun masu shi.

Da muka isa bai kai mu gidan tarihi kai tsaye ba, sai ya kai mu bakin ruwa, inda wani ƙaton ginshiƙin dutse yake tsaye babu komai a kansa. Nan mutum-mutumin Dilisibs ya tsaya shekara da shekaru yana nuna wa jiragen Turai hanya, har mutanen gari suka tumɓuke shi a Disamba 1956 bayan ficewar sojojin mamaya na Birtaniya da Faransa. Na daɗe a wurin. Yara suna wasa a gindinsa, masu sayar da gasasshiyar masara suna kira, ga wani jirgin dakon kaya mai tsayin bene yana shiga mashigi a hankali. Daga nan muka hau jirgin fito zuwa Bur Fu'ad, garin da ke tsallaken mashigin, kyauta ne, minti kaɗan. A tsakiyar ruwa Ustaz ya nuna mana ginin hukumar mashigin mai koren ƙubbobi, ya ba mu labarin da ban taɓa ji ba. A tsakiyar Satumba 1956 kamfanin Turawa ya janye matuƙansa masu ratsa jirage ta mashigin, da tunanin Misrawa za su kasa, jirage su cunkushe, a samu hujjar dawowa. Matuƙan Masar, da wasu Girkawa da suka ƙi tafiya, suka riƙa aiki dare da rana, jirage ba su tsaya ba. A wurina wannan ya fi duk tankokin da muka gani a harabar gidan tarihi nauyi.

Inda na saɓa da shi a gidan tarihin ne. Ya bi kwanakin daidai: Isra'ila ta kutsa Sina'i ranar 29 ga Oktoba bisa yarjejeniyar sirri da ta ƙulla da Birtaniya da Faransa a Sebir kusa da Faris, jiragen Birtaniya da Faransa suka fara ruwan bama-bamai ranar 31, sojojin laima suka sauka filin jirgin Jamil ranar 5 ga Nuwamba. Faransa tana da nata haushin, don Masar tana taimakon mayaƙan Aljeriya. Amma ya rufe da cewa mutanen gari ne kaɗai suka kori Turawa. Na ce, "Ustaz, ina batun Amurka?" Ya ɗaga hannu ya wuce. Gaskiya ita ce an ci garin da yaƙi, an ƙona unguwanni, mutane da yawa sun mutu. Abin da ya tsayar da wuta daren 6 ga Nuwamba shi ne Shugaba Aizinhawa na Amurka ya matse Birtaniya ta fuskar kuɗi har fam ya fara tangal-tangal, Tarayyar Sobiyet kuma ta yi barazana. Firaministan Birtaniya Antoni Idin ya sauka a Janairu 1957. Faɗin haka bai rage wa mutanen Bur Sa'id komai ba, don da sun miƙa wuya a yinin farko babu abin da matsin waje zai tarar. Ina ganin wanda ya biya kuɗi don sanin tarihi ya cancanci ya ji ɓangarorin biyu. Haka ma bai ce uffan ba kan gidajen yarin Nasir, ko haɗewa da Siriya a 1958 da ta watse a 1961.

Duk da haka ya bar mini abu guda. Ya tuna mini cewa Juma'ar 2 ga Nuwamba, ana tsakiyar luguden wuta, Nasir ya hau mumbarin masallacin Azhar ya ce za su yi yaƙi, ba za su miƙa wuya ba. Mumbarin da nake zama a gabansa kusan kowace Juma'a ke nan.

Abincin rana kifi ne da shinkafa, ba laifi. Abin da ya ƙona mini rai, saboda lattin safe aka soke zagayen unguwar Larabawa, inda aka fi gwabzawa, kuma kamfanin bai mayar da ko sisi ba. Wanda zai je ya sa a rubuta masa wannan unguwar cikin sharaɗi, ya kuma roƙi ɗan jagora ya yi fusha, wato Larabcin littafi, don biyu daga cikinmu sababbin zuwa ne, Larabcin kasuwa ya wuce su. Ni dai zan koma da kaina ranar 23 ga Disamba, ranar da garin ke bikin ficewar sojojin mamaya, in shiga unguwar da ƙafa.